Shin bayani da Hausa a aji yana tauye yara ne?

Tambaya: Ni malamar aji biyu ce a wata firamare ta gwamnati a jihar Gombe. A ajina akwai 'ya'yan Hausawa da na Fulanin ruga da Tangale da Tera. Idan na ga darasi bai shige su ba nakan yi bayani da Hausa, amma shugaban makaranta ya hana, wasu iyaye kuma suna cewa ina hana 'ya'yansu kamo 'ya'yan masu hali a Turanci. Abin ya tsaya mini a rai. Ko cutarsu nake yi ban sani ba?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ba cutarsu kike yi ba, kuma tsarin ilimi na ƙasa ya shafe shekaru masu yawa a baya yana goyon bayan irin abin da kike yi. A 1977, shekara guda bayan fara shirin firamare kyauta ga kowa na 1976, manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, Turanci kuwa a koyar da shi a matsayin darasi. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, bayan an gane cewa gina aji a gari bai isa ya kai karatu ruga ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan gurguwar fahimta da nake cin karo da ita kullum, wai adalci shi ne a tara yara a aji ɗaya, a ba su littafi ɗaya, a yi musu magana da Turanci tun ranar farko. An daɗe da gwada wannan a wasu ƙasashe aka ga bai fisshe su ba. A Amurka, Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare a 1954, amma bayan kusan shekara 20 sai ga ta tana sauraron shari'ar Lau da Nichols, a kan yara kimanin 1,800 'yan asalin ƙasar Sin da ke zaune a azuzuwan San Francisco ba tare da suna jin abin da malami ke faɗa ba. A 1974 kotun ta yanke cewa ba wa yaro littafi da malami irin na kowa ba daidaito ba ne muddin ba ya fahimtar harshen da ake karantar da shi.

Masu cewa harshen gida yana kashe Turanci ba su kawo gamsasshiyar hujja ba, sai dai su nuna yaron da ya haddace waƙoƙin Turanci kamar aku, alhali idan aka buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, ba zai iya haɗa baƙi da wasali ba. Mu kuwa muna da hujja a cikin gida. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, aka bar Turanci a matsayin darasi a hannun malaman da aka horar musamman. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, sun kuma fi su fahimtar sauran darussa. Dalilin a fili yake: yaro sau ɗaya yake koyon yadda ake karatu, idan ya iya da harshen da yake ji, sai ya ɗauki wannan ƙwarewar zuwa kowane harshe.

Duk da haka, har gobe akwai makarantun da ake sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa ko Fulatanci, a ci shi tara ko a sa shi kamun kunne, masu makarantun kuɗi kuma suna tallar wannan ga iyaye a matsayin inganci. Wanda wannan ya fi cutarwa shi ne yaron nan da ke zaune a bencin baya bai taɓa ɗaga hannu ba, wanda ake yi wa kallon daƙiƙi, har mahaifinsa ya ga gara ya koma kiwo kafin ya kai aji huɗu. Sunansa yana cikin rajista, jami'an ma'aikatar ilimi sun ƙidaya shi cikin waɗanda suka samu ilimi, shi kuwa bai ƙaru da komai ba.

Sai dai ina jan hankalinki, Malama, cewa Hausar ma ba harshen uwar dukansu ba ce. Ɗan ruga da ya zo da Fulatanci kaɗai yana iya ɓacewa a Hausa kamar yadda ya ɓace a Turanci, don haka ki zaunar da shi kusa da wanda ke jin harsunan biyu, ki bar su su yi wa juna bayani, ki kuma nemi 'yan Tangale da Tera su faɗi sunayen abubuwa da harshensu. Darasin Turanci kuwa kada ki yi masa riƙon sakainar kashi, domin damuwar iyayen nan a kan jarrabawa da aiki gaskiya ce. Ki gayyace su aji su ji 'ya'yansu suna karanta shafin da ba su haddace ba, sannan ki roƙi shugaban makaranta ya zo ya zauna a wannan darasin.