Zauren Masu Mota: Me Zan Ɗauka a Bidiyo Ban da Hayaƙin Taya?

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru ne a kan ɗaukar bidiyon mota don YouTube, TikTok da Facebook. Mun zaɓi biyar, makanikai da masu ɗaukar hoto da ke taimaka wa wannan fili suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da BMW E36 'yar Beljiyam, ina kuma da waya mai kyamara mai kyau. Ina so in buɗe tasha, amma duk wanda na duba wasan mota yake sakawa, taya na hayaƙi, yara na ihu. Me zan ɗauka da zai bambanta ni da su? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bidiyon hayaƙi daƙiƙa goma sha biyar ake kallonsa a wuce, kuma kowa yana da irinsa. Abin da ya yi ƙaranci da Hausa shi ne bidiyon da zai ɗauki gardamar da ake yi kullum a gareji, ya auna ta a gaban kyamara. Gani ya kori ji.

Fara da tamostat, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi. Makanikai da yawa suna cire shi da zarar mota ta iso daga Kwatano, su haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu zafi gare ta. Ka samo tamostat biyu, sabo da tsoho, da tukunya, da ma'aunin zafi. Ka rataya su da waya a cikin ruwa kada su taɓa gindin tukunyar, ka ɗora a wuta, kyamara na kallo daga sama. A jikin kowanne an buga lambar zafin da zai buɗe, galibi tsakanin digiri 80 da 92. Mai lafiya zai soma buɗe baki daidai wajen wannan lamba. Wanda ya mutu a rufe zai zauna haka har ruwan ya tafasa, kuma irinsa ne yake sa mota zafi har a ɗora laifin a kan duk wani tamostat. Kashi na biyu ka yi shi a kan motar: ka tashe ta da asuba injin da sanyi, ka riƙa faɗin zafin ruwa kowane minti, rana ɗaya da tamostat, wata rana babu, a hanya ɗaya. Lokacin hunturu ya fi nuna bambancin, don injin da bai kai zafin aikinsa ba yana daɗewa yana shan mai fiye da ƙima. In ka gwada a watan Afrilu cikin cunkoso ka ga bambancin kaɗan ne, ka faɗi haka. Mai kallo yana gane wanda ya riga ya yanke hukunci kafin gwaji.

Akwai wani tarko a motarka. 'Yar na'urar OBD mai Bluetooth da ake sayarwa da arha, wadda ke karanta bayanan inji irin su zafin ruwa, tana shiga soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuwa sai 2001 ga masu fetur. E36 'yar Turai soket ɗinta zagayayye ne mai ƙafa 20 a cikin bonet, sau da yawa na'urar ba ta karanta ta. Ka yi amfani da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, ka riƙa nuna shi wuri guda a gidan tamostat kowane lokaci.

Shan mai ma ana auna shi, ba a kintace. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifiri, ka yi aƙalla kilomita 200, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa. Litar da ta shiga ka raba da kilomita, ka ninka da 100, ka samu litar da motar ke sha a kilomita 100. Da wannan hanya za ka iya gwada tafiya da AC da babu, ko taya mai cikakkiyar iska da wadda ta rage.

Sai jerin gyaran motar kanta, kashi-kashi. E36 an san ta da raunin kayan sanyaya inji: wuyan lagireto na roba ne, yana tsagewa in ya tsufa, wasu famfunan ruwan ma fukafukan roba gare su da ke karyewa a ciki ba tare da an ga ɗigon komai a waje ba. Ka ciro tsohon, ka ajiye shi kusa da sabo a kan benci, ka kusanto da kyamara. Ka faɗi kuɗin kaya da kuɗin aiki da ranar da ka saya, don farashi ba ya zama. Tunda a Kaduna kake, Panteka kaɗai ta ishe ka bidiyo goma: fulogi na asali da jabu, birki fad sabo da na Beljiyam, yadda ake karanta shekarun taya. A gefen taya bayan harufan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Mutane da yawa suna sayen taya mai zanen ƙasa lafiyayye da ta haura shekara takwas, roba ta bushe, ba su sani ba. Ka nemi izinin mai shago kafin ka kunna kyamara, kada kuma ka nuna fuska ko allon shagon wanda ka samu jabu a wurinsa.

TAMBAYA: Injin motata ƙararsa da daɗi a kunne, amma a bidiyo sai hucin iska kawai ake ji. Hoton kuma yana lanƙwasa kamar ana kallo ta cikin ruwa. Ina matsalar? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Malam, matsala biyu ce daban-daban. Makirfon waya ba ya jure iska, kuma wayar tana rage sauti da kanta idan ƙara ta yi yawa. Ka sayi ƙaramin makirfo irin na maƙalawa a riga, mai hular gashi, ka haɗa shi da wata wayar da za ta zauna a cikin but. Ka manna shi da tef mai ƙarfi a bambar baya, kamar santimita 30 zuwa 40 daga bakin salansa, ta gefe da ɗan sama. In ka sa shi saitin bakin, zafi zai narka shi, iskar salansar kuma za ta toshe sautin. Ka taka totur sau biyu ka duba ma'aunin sauti: ƙololuwarsa ta tsaya wajen -12. In ta kai ja, sautin ya fashe, ba a kuma gyara shi daga baya. Kafin ka tashi, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto wajen haɗawa. Idan magana za ka yi a cikin mota, ka rufe gilasai ka rage fankar AC.

Lanƙwasar hoto kuwa girgiza ce. Kyamarar waya tana karanta hoto layi-layi daga sama zuwa ƙasa, saboda haka in ta girgiza a tsakani sai layukan su kauce wa juna. Dogon hannun maƙalin kyamara shi ne babban mai laifi. Ka gajarta shi, ka manna a gilashi ko ƙarfe shimfiɗaɗɗe bayan ka goge ƙura da ɗanyen tsumma ya bushe, ka kuma ɗaure da igiya ta biyu a jikin mota. Babbar wayarka kada ta fita waje. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur mai ƙarfi tana lalata na'urar daidaita hoto da ke cikin kyamara. Aikin waje na ƙaramar kyamara ne irin su GoPro.

Da rana ka ɗauka a 1080p, hoto 60 a daƙiƙa. 4K yana cinye kusan megabait 400 a minti ɗaya, kuma a zafin Kano wayar da ke bayan gilashin gaba za ta kashe kyamara kafin ka gama. Ka cire mata riga, ka kare ta daga rana. Da dare a ƙarƙashin wutar lantarki ka koma 25 ko 50, don wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyaftawa.

TAMBAYA: Ni da abokaina muna so mu riƙa auna wa ya fi saurin kaiwa gudun kilomita 100 a awa daga tsaye, mu saka a TikTok. Agogon waya ya isa? Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Bai isa ba, ɗan'uwa, allurar gudun motar ma ba a dogara da ita, don yawanci tana nuna fiye da gudun gaskiya. GPS na waya sau ɗaya yake karanta wuri a daƙiƙa, mota kuwa a gudun 100 tana cin kusan mita 28 a wannan daƙiƙar. Ana amfani da ƙaramar na'urar GPS mai karantawa sau 10 ko fiye a daƙiƙa, irin su Dragy, ko a haɗa wata da manhajar RaceChrono, wadda ke ɗora lambobin a kan bidiyo. Kowace mota ta yi sau biyu zuwa, sau biyu dawowa, a ɗauki matsakaici, don a kashe tasirin gangara da iska. Mutum ɗaya a ciki, mai rabin tanki, AC a kashe. Ku rubuta gari da zafin ranar a kan allo. Injin da ba turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don haka lambar da aka samu a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ba a gwada ta da ta Legas.

Amma maganar wuri ita ce gaba da komai, kuma ba za mu sassauta ba: ba a titin jama'a ba, ko da ƙarfe biyun dare ne. Mai babur ɗaya da ba fitila ya isa ya mayar da wasa zaman makoki, bidiyon da kuka saka kuma shi ne shaida a kanku. Akwai filin tsere a Evbuobanosa ta Jihar Edo. In ya yi nisa, ku nemi rufaffen fili mai kwalta da ba ya ƙasa da rabin kilomita, da izinin mai shi a rubuce, ku sanar da 'yan sandan yankin. Hular kwano, bel, tukunyar kashe gobara, batir a ɗaure, babu kwalba ko jak da ke yawo a ciki. Ku duba man birki: DOT 4 sabo yana tafasa a digiri 230, in ya sha danshi ya sauko 155, shi ne za ka taka birki karo na biyar ka ji ya nutse. A canza shi duk shekara biyu. Mai kyamara ya tsaya bayan shingen kankare ta cikin kwana, domin motar da ta ƙwace waje take yi. Inda ba shinge, a kafa kyamara a kan ƙafafunta a bar ta ita kaɗai.

TAMBAYA: Corolla gare ni mai jan gaba, ba ta juya baya kamar BMW. Ke nan ba ni da rabo a harkar? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Kana da shi, kuma naka ya fi sauƙin kuɗi. Ka jera mazugan roba ko jarkoki marasa komai guda bakwai a layi, tazarar mita 18, a rufaffen fili. A bi su zikzak a giya ta biyu, a juyo a dawo, gudu ba ya wuce 50. Wanda ya ture ɗaya a ƙara masa daƙiƙa biyu, kamar yadda ake yi a irin wannan gasa a Amurka. Kada a sa dutse ko bulo. Mota ɗaya, direbobi biyar, allo da alli: bakanike, direban tasi, malamar makaranta, kowa ya gwada. Masu kallo za su dawo don su ga wa ya sauke na saman allo. Wani bidiyon kuma ka auna nisan tsayawa daga gudun 60 da tsofaffin tayoyi da sababbi, sau uku-uku, da tef ɗin awo a ƙasa.

TAMBAYA: Ni mace ce, ina sayar da motoci tare da yayana, ni nake ɗaukar bidiyon. Yaushe YouTube ke fara biya? Daga wata mai karatu a Katsina.

AMSA: Hajiya, kuɗin talla yana buɗewa ne idan tasha ta samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ko an kai, abin da ake biya kan masu kallo daga ƙasashenmu kaɗan ne, don haka ribarki ta farko tana wajen cinikin da bidiyon zai jawo. Ki yi jerin yadda ake duba mota 'yar tokumbo: a tashe ta da sanyi a kalli launin hayaƙi, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko akwai kumfa mai kalar madara, a ɗaga kafet a nemi tsatsa da laka na motar da ruwa ya ci, a leƙa ƙasa a ga ko an yanke indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, an yi walda. In na'ura ta nuna P0420, ki nuna lambar a allo ki bayyana cewa galibi indomin ne ya gaji ko aka cire. Ki faɗi aibin motar da kike sayarwa da bakinki, shi ke sa a yarda da yabonki.

Ki yi dogon bidiyo na minti shida zuwa takwas a kwance, ki yanko gajere a tsaye daga cikinsa. Taken ya zama da Hausa amma da sunan mota da shekararta yadda ake rubuta su, don da su ake nema. Ki rufe lambar mota kafin ki saka. Kada ki ɗora waƙar wani, don kuɗin bidiyon zai iya koma wa mai waƙar. Akwai kiɗan kyauta a cikin YouTube Studio. In mai sayar da baƙin mai ko mai wankin mota ya biya ki don ki ambace shi, ki faɗa a farkon bidiyon, ki kuma danna akwatin da ke nuna akwai tallan da aka biya.