Tambaya da Amsa: Kasuwar Kirsimeti a Turai, me ake gani, me ake ci?

Assalamu alaikum masu karatu. Wanga mako saƙonni ukku sunka zo kan magana guda, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Ni dattijuwa ce daga Mabera. Ɗiyata na aure a Nuremberg ta ƙasar Jamus, ta haihu, sun ce in zo cikin Disamba in ga jika, kuma wai za su kai ni wata kasuwa da ake ci sau ɗaya a shekara lokacin Kirsimeti. Ni ban taɓa zuwa ko'ina ba sai Saudiyya. Wace irin kasuwa ce wannan? Akwai abin da musulmi zai iya ci? Sanyin fa, ni da ko hunturunmu na nan sai na kwana da kaskon wuta?

AMSA: Hajiya barka da arziki, Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne. Ki je ki ga jikanki, wannan ba ta da ja.

Kasuwar da suke faɗa miki tana cikin waɗanda sunka fi suna a duniya. Ana cin ta a babban filin tsakiyar tsohon gari, gaban wata tsohuwar coci, kuma akwai shaidar rubutu da ke nuna tun 1628 ana cin ta. Rumfuna ne na katako wajen 180, an rufe samansu da ƙyalle mai ratsin ja da fari, an jera su layi layi, kuma a 'yan makonnin nan mutum kusan miliyan 2 ke ratsa ta. Ana buɗewa ranar Juma'a a ƙarshen Nuwamba, wata shekarar farkon Disamba, kullum daga ƙarfe 10 na safe zuwa 9 na dare, a tashi ranar 24 ga Disamba da rana tsaka. Don Allah Hajiya ki riƙe wannan ranar, saboda mutanenmu da yawa suna ɗauka ranar 25 ne ake cin kasuwa sosai tunda ita ce ranar bikin, sai su yanki tikiti su sauka 24 ko 25 su tarar ana kwance rumfuna, shaguna a kulle, titi ba kowa, don su ranakun nan na zaman gida ne da iyali. In kasuwar ake son ki gani to ki sauka cikin makonni biyun farko na watan.

Kada ki tafi da tunanin kasuwar taya da ragi. Ba a ciniki, farashi na rubuce, kuma kayan ba na masarufi ba ne, yawanci kayan ado ne na bishiyar Kirsimeti, kyandir, sassaƙen katako, safar ulu, kayan wasan yara, sai abinci. Gaskiya yawancin waɗanda ke zuwa ba sayayya ke kai su ba, duhu ne da sanyi sun kulle kowa a ɗaki, sai a fito inda anka kunna fitilu a tsaya tsaye ana hira da kofi mai zafi a hannu. Kuma ki sani biki ne nasu na addini asalinsa, za ki ga siffofin haihuwar Annabi Isa alaihissalam irin yadda su ke sassaƙa su, za ki ji waƙoƙin coci, ranar buɗewa ma wata budurwa da ake zaɓa duk bayan shekara biyu ke fitowa saman barandar cocin da rigar zinare ta yi jawabi. Na faɗa miki ne ƙarara don in za ki tambayi malaminki hukunci ki kai mishi bayanin yadda yake, hukuncin nashi ne, nawa shi ne in gaya miki abin da ke wurin.

To maganar ci, nan zan ɗan tsaya don nan mutanenmu ke faɗawa.

Ƙamshin da zai fara dukan hancinki na gasasshen nama, ki kauce mishi. 'Yan ƙananan sosej ne da garin ya yi suna da su, ana sa ukku cikin burodi, naman alade ne zalla. Abin da kowa ke riƙe da shi a kofi yana tururi kuwa, sunanshi Glühwein, giyar inabi ce anka dafa da kirfa da kanumfari, ƙamshinta zai iya ruɗar mutum ya ɗauka shayi ne. Wanda babu giya ciki shi ne Kinderpunsch, na yara, ruwan 'ya'yan itace ne da kayan ƙamshi, a baki kamar zoɓo mai zafi da ya ji kanumfari. Ki sa ɗiyarki ta rubuta miki sunan a takarda, kuma ta riƙa tambaya a kowace rumfa, don sau da yawa rumfa guda ke sayar da duka biyun, tukwanen na gefen juna. Kofin da za a ba ki ana karɓar 'yan Yuro a kanshi ban da kuɗin abin sha, in kinka maida kofi a maida miki kuɗinki, in kina so ki taho da shi tsaraba shike nan kin saya.

Abin da ni na fi so shi ne kifi. A kasuwanni da yawa za ki ga an tsaga kifin salmon gida biyu an kafe shi jikin allon katako, an jingina allunan kewaye da wutar icce, kitsen na ɗiga yana ƙara, mai gashin sanye da safar hannu yana juya allon, in ya nuna ya kankaro miki da wuƙa ya zuba cikin burodi, ga hayaƙi ga zafin wutar na dukan fuska alhali bayanki ƙanƙara yake. Sai almon da ake soyawa da sukari a tukunyar tagulla a ƙunsa a takarda, da wasu 'ya'yan icce masu ɓawo da ake gasawa a kan garwashi, sa su aljihu kawai ma ɗumama hannu suke yi. Akwai wainar dankalin Turawa da ake gurzawa a soya, amma a tambayi da wane mai, don wasu abubuwan suya a can da kitsen alade ake yin su. Biskit ɗin garin mai zuma da kayan ƙamshi, Lebkuchen, shi ne tsarabar da ta fi dacewa, yana daɗewa bai lalace ba, sai dai a karanta bayan kwali don wani ana sa mishi giya. Haka burodin nan mai zabibi da farin sukari da anka fi sani da garin Dresden, yawanci a giya ake jiƙa zabibin. Alawa mai danƙo ta yara ita ma a duba, da yawa da sinadarin alade ake haɗa ta. In nama kike sha'awa ki bari sai an koma unguwa, shagunan Turkawa da Larabawa masu halal suna nan da yawa a garin.

Sanyi kuwa Hajiya ba zan rage miki ba, wanda muke kuka da shi nan a Janairu su a can yanayi ne mai daɗi. A Disamba awo na yawo kusa da sifili, wani lokaci ya sauka ƙasa, kuma sanyi ne mai laima, ga tsayuwa a kan dutse, ta ƙafa yake shigowa. Rigar sanyi guda mai kauri ba ta isa, ana yin hawa hawa ne, kayan ciki masu kama jiki sama da ƙasa, sai suwaita, sai babbar jaket, hijabinki a sama ba abin da zai hana. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa da safa ta ulu, wannan ya fi komai. Ki ce su saya miki can su zo da su filin jirgi, kada ki ce sai kin isa gida. In kina da ciwon gwiwa ko hawan jini ki ga likitanki kafin tafiya ki ɗauki magani isasshe.

Sai sallah. Agogonsu a hunturu daidai yake da namu, ba sai kin canza ba, amma ranar ce gajera, ba ta fitowa sai wajen 8, Azahar sha biyu da 'yan mintuna, La'asar wajen 2, huɗu da kwata haka an yi Magariba. Cikin kasuwar ba wurin sallah, bayin haya ne da kuɗi kuma babu buta. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne ki yi Magariba a gida sannan a fita, lokacin ne ma fitilun ke kyau, a dawo a yi Isha'i. A zaɓi ranar aiki, Asabar da yamma cunkoso ne da ko mai ƙarfi ke jin jiki balle da jariri.

Biza ki fara nema da wuri, ana iya shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, surukinki kuma ya je ofishin baƙi na garinsu ya yi takardar ɗaukar nauyinki ya aiko. Daga nan Sakkwato sai Abuja, daga Abuja akwai jirgi kai tsaye zuwa Frankfurt wajen awa 6, sai jirgin ƙasa awa 2 da ɗan wani abu ki ga kanki a Nuremberg. Abu na ƙarshe, na san ba za ki je wurin mai jego hannu rabbana ba, amma kilishi, dambun nama, man shanu, duk wani nama ko abin da anka yi da madara an hana shiga da shi Tarayyar Turai cikin kayan matafiyi, kwastam za su ƙwace kuma ana iya cin tara.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan fata, jakunkuna da fululluka da takalma. Na ji ana cinikin kayan hannu a kasuwannin nan. In na samu biza zan iya zuwa da kayana in baza? Daga wani Alhaji, Babbar Kasuwar Sakkwato.

AMSA: Alhaji a'a, kada ka soma. Bizar ziyara ba ta ba ka izinin yin sana'a, kuma rumfunan ba wanda ya riga zuwa ke kamawa ba, hukumar gari ko masu shirya kasuwar ke raba su, ana neman su watanni da yawa kafin lokaci, manyan kasuwannin ma akwai iyalan da sunka daɗe suna riƙe da wurinsu. In ka shimfiɗa kaya a gefen hanya kayan za su tafi, bizar ma tana iya tafiya.

Amma in Allah ya kai ka, ka je ka kalla da idon ɗan kasuwa, akwai darasi. Kasuwar Dresden da ake ci tun 1434 cike take da sassaƙen katako daga wani yankin duwatsu na kusa, mutanen wurin asali masu haƙar ma'adinai ne, da haƙar ta ja baya sunka koma sassaƙa, yau sunan yankin kawai ke sa a sayi ɗan mutum-mutumin katako da tsada. Mu muna da jan akuyar Sakkwato da fatarta ta daɗe tana ratsa Sahara har Turawa na kiranta fatar Maroko, amma jakarmu ke fita ba suna, ba tambari, wani lokaci warin jima bai gama fita ba, zif ya lalace cikin wata guda. Wannan na ci min rai ƙwarai. Ka duba yadda suke gama aiki da yadda suke ƙunshe shi. In fitar da kaya kake so da gaske, ka fara da rajista da hukumar NEPC mai kula da fitar da kayayyaki waje, sannan ka sa ido kan baje kolin 'yan kasuwa, irin Lineapelle ta Milan a Italiya wadda ta fata ce da sauran kayan haɗa takalma da jakunkuna, da Ambiente ta Frankfurt, can ne masu sarin ke zuwa.

TAMBAYA: Ina karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na samu zuwa wani taro a Faransa cikin Disamba, ina so in leƙa kasuwar Strasbourg. Amma ina jin labarin hare-hare, kuma ina sa niƙabi. Ba matsala?

AMSA: Ƙanwata tsoronki na da tushe. An kai hari da babbar mota a kasuwar Berlin ranar 19 ga Disamba 2016, an yi harbi a Strasbourg ɗin kanta ranar 11 ga Disamba 2018 mutum 5 sunka rasu, sai na Magdeburg ta Jamus ranar 20 ga Disamba 2024 inda mutum 6 sunka rasa rayukansu. Rayuka ne na bayin Allah da sunka fito da 'ya'yansu, abin baƙin ciki ne, kuma ya jawo wa musulmin can kallon da ba su ji ba ba su gani ba. Tun daga nan tsaro ya ƙaru sosai, za ki ga shingen kankare, 'yan sanda da bindigogi, a Strasbourg ana iya buɗe jakarki kafin ki shiga tsakiyar gari, don haka ki ɗauki ƙarama, fasfonki na jikinki. Abin da ya fi yawan samun baƙi a zahiri shi ne 'yan sane cikin cunkoso, waya da walat su zauna a aljihun ciki.

Niƙabi kuwa dole in faɗa miki gaskiya, Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, dokar na aiki tun 2011 kuma ana cin tara, Ostiriya ma ta bi sahu a 2017. Hijabi ba a hana shi a titi ba, za ki ga mata da yawa da shi. Ki yi shawara da gida da malaminki tun kafin ki yanki tikiti, kada sai kin sauka filin jirgi.

In kin yanke zuwa, kasuwar tun 1570 ake cin ta, ta bazu a filaye da yawa cikin tsohon gari, babbar bishiyar Kirsimeti da ke filin Kléber ta kai wajen mita 30. Daga Paris jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa 2 ba, kina iya zuwa da safe ki koma da dare, wanda ya fi miki sauƙi don otal a garin a wannan watan tsada gare shi kuma da wuri yake cika. Akwai babban masallaci a garin da anka buɗe 2012, ki yi Azahar da La'asar can kafin ki shiga kasuwar.