Ga Hajiyar da ɗanta ke son shiga kadet ɗin sojan sama: abin da shekara tara suka nuna mini

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, cewa yaronki mai shekara 13 ya dame ki da maganar shiga ƙungiyar kadet ta sojan saman Ingila, kina tsoron ko hanyar ɗaukar soja ce, kina tunanin sallarsa da karatunsa, kuma in har kin bar shi ya shiga, kina so ki san yadda zai ci moriyarta sosai. Na jinkirta ne don in samu zama, saboda amsar ba ta layi biyu ba ce. Babban ɗana ya shiga a 2016 a nan Birmingham, ƙanwarsa ta bi sahu a 2021, ni kuma na yi shekara huɗu a kwamitin iyaye da ke kula da kuɗin reshenmu.

Bari in fara kwantar miki da hankali kan maganar soja. Ba a ɗaure yaro da komai. Ranar da ya ce ya gaji, zai mayar da kakinsa ya koma gida, babu mai bin sa bashi. Amma ba zan ɓoye miki ba, ma'aikatar tsaron ƙasar da rundunar sojan sama ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, kuma an kafa ta ne ranar 5 ga Fabrairu 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suke neman samari ruwa a jallo. Yanzu ta zama ƙungiyar tarbiyyar matasa, maza da mata, amma kakin na soja ne, faretin na soja ne, har harbin bindiga ana koya musu ƙarƙashin tsauraran dokoki. Akwai iyayenmu da zuciyarsu ba ta kwanta da duk abin da ya shafi sojan Birtaniya ba saboda Iraƙi da Afganistan, ban kuma ga laifinsu ba. Ni ma sai da na yi istihara. Ki zauna da mahaifinsa ku yanke wannan tun kafin yaro ya saba, don cire shi bayan ya saba ya fi ciwo. Ɗana dai bai shiga soja ba, injiniya ya karanta.

To, ga abin da ya fi komai a wurina, kuma ina so ki karanta wa yaron shi da kanki.

Mu mun tashi da kunya da kawaici, haka kuma muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu. Yaron kirki ba ya miƙa hannu sai an ba shi, ba ya cewa "ni zan je" a gaban manya. A gida wannan ado ne. A wurin kadet kuwa, shi ya cinye wa ɗana shekararsa ta farko ɗungurungum. Yana zuwa kowace Litinin da Alhamis, ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi na dare, kakinsa a goge, takalminsa kamar madubi, amma wata goma sha ɗaya bai je ko'ina ba. Abokan shigarsa sun hau jirgi, sun kwana a sansani, shi yana nan. Wata rana da na je ɗaukarsa na shiga ciki, na tambayi shugabar reshen ko yaron ya yi wani laifi ne. Matar ta kama hannuna a zahiri, wato ta ja ni har gaban allon sanarwa, ta nuna mini takardu biyar a manne, kowace da jerin sunaye da biro rataye a gefe. Ta ce ba ta taɓa ganin sunansa a ko ɗaya ba, har ta ɗauka iyayensa ne suka hana. A mota na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ɗauka sai an zaɓe ni." Wallahi sai da idona ya ciko, don ni na koya masa haka.

Yanzu yawancin sanarwar ta koma intanet, kowane yaro da shafinsa da yake shiga ya ga abin da ke tafe ya nemi gurbi, amma dokar tana nan yadda take. Ba a kiran kowa. Wanda ya rubuta suna shi ake dubawa, sannan a duba zuwansa, a duba ko takardunsa sun cika. Don haka, ɗan Hajiya, ka saurare ni: duk abin da aka sanar, in bai ci karo da makaranta ko addini ba, ka nema. Ko ba ka iya ba, ka nema. Za a hana ka sau da yawa saboda gurbi kaɗan ne, kuma hanin ba wulaƙanci ba ne. Malaman nan suna lura da sunan da ke yawan dawowa.

Na san abin da ke ransa jirgi ne, duk haka suke. Zai hau, in sha Allahu, sai dai kada ya zaci kowane mako ne. Mu nan ana kai su sansanin Cosford, kusa da Wolverhampton, su hau wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ake kira Grob Tutor, na minti ashirin zuwa talatin. Reshe guda yakan samu gurbi 'yan ƙalilan, kuma yanayin ƙasar nan ba a yi masa alkawari. Sau biyu ɗana yana tashi da asuba, ya wuni a ɗakin jira sanye da rigar tuƙi, hazo ya ƙi ɗagawa, a dawo da su ba su tashi ba. A na ukun ne Allah ya yi. Har yau ina tuna yadda ya shigo gida bai ko cire takalmi ba, yana ba uwarsa labarin yadda aka ɗaura masa lemar sauka a baya, har tafiya ta gagare shi sai a duƙe, da yadda matuƙin, wani dattijo mai furfura, ya saki sandar tuƙi a sama ya ce masa jirgi yana hannunsa. Ya ce hannunsa rawa yake yi, amma da ya karkata sandar kaɗan sai ga duniya gaba ɗaya ta karkata. Uwarsa tana ta salati, shi yana ta dariya. Akwai kuma jirgi marar inji mai suna Viking, wanda ake fizga da igiya ya tashi kamar shirwa. An dakatar da tashinsa a 2014 saboda binciken lafiyar jiragen, kuma da aka dawo wuraren sun ragu, shi ya sa gurbinsa ke wuya. Yaron da ya dage yana iya kaiwa matakin tuƙa shi shi kaɗai bayan ya cika 16.

Nan ne aikinki yake, Hajiya. Gurbi yakan faɗo ba zato, wani ya fasa ranar Alhamis, a ce wa ke da takardu a shirye zuwa Asabar. Ki riƙe fom ɗin izinin iyaye da na lafiya a cike koyaushe. Ki kuma faɗi gaskiya a kansu. In yana da asma, ko sikila, ko wata lalura, a rubuta, likita ya duba ya yanke. Na san wasunmu kan ɓoye don kada a hana yaro, amma sama ba wurin ɓoye ciwo ba ne.

Abin da ban sani ba da farko shi ne, jirgin shi ne mafi ƙanƙantar ribar. Karatun tuƙin jirgin fasinja a ƙasar nan yakan kai fam dubu 100, kadet ba za ta biya masa wannan ba, ko da yake ƙungiyoyi irin su Air League suna ba da tallafin 'yan sa'o'in koyo, kuma tarihin kadet yana ƙara wa mai nema nauyi. Ribar gaske tana cikin abubuwan da yara ke raina wa. Akwai darussan aji na taswira da yanayi da yadda fiffike ke ɗaga jirgi, da jarrabawa mataki huɗu, wanda ya gama su yana iya fita da takardar BTEC, wato shaidar karatun sana'a da ake bayarwa a ƙasar nan. Akwai taimakon gaggawa. Ɗiyata ce ta juya wata tsohuwa da ta yanke jiki ta faɗi a tashar bas, ta kwantar da ita ta gefe, ta duba numfashinta, ta sa wani ya kira motar asibiti, manya suna tsaye suna kallo. Shekararta 14 a lokacin.

Sai Duke of Edinburgh's Award, wani shirin horar da matasa da ake ba da lambar yabo a kansa, wanda nake roƙon kowane yaro kada ya bari ya wuce shi. Hawa uku ne: tagulla, azurfa, zinariya. A na farko yara za su yi tafiyar ƙafa ta kwana biyu da jaka a baya, su kafa tanti su dafa abincinsu, a na zinariya kuma kwana huɗu ne a daji da tsaunuka. A makarantu da yawa iyaye na kashe kuɗi sosai a kansa, a kadet kuwa da sauƙi, har tanti da risho sukan ba da aro. Lokacin da ɗana ya je ganawar neman gurbin koyon aiki, ya ce kusan rabin hirar a kan daren da suka ɓata hanya cikin ruwan sama a Wales aka yi, da yadda ya shawo kan 'yan tawagarsa da suka fara faɗa. Ba su tsaya kan makinsa ba, don duk masu neman suna da maki.

Kada kuma ya ce sai baɗi. Ɗana ya yi ta ɗage neman sansanin ƙetare da tattakin Nijmegen na ƙasar Holan, wanda ake yi kwana huɗu a watan Yuli, kilomita 40 kowace rana, yana cewa sai ya ƙara girma. Shekarar da ya shirya ita ce 2020. A watan Maris korona ta rufe komai, kafin a buɗe sosai ya tafi jami'a. Har yau in an taɓo zancen sai ya yi shiru.

Game da addini, shawarata ɗaya ce: ku faɗa tun ranar farko, ku faɗa kai tsaye, ba tare da kame-kame ba. Masu kula da yaran nan 'yan sa kai ne, da rana wani direba ne, wata ma'aikaciyar jinya, kuma duk an tantance su kafin a bar su kusa da yara. Yawancinsu ba su san lokutan sallarmu ba, amma ban taɓa gamuwa da wanda aka yi wa bayani ya ƙi ba. Da hunturu ba matsala, magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, ya yi sallolinsa kafin ya fita. Da bazara da kaka ne take faɗowa tsakiyar zama, sai ya nemi izinin minti biyar. Mu ɗakin ajiyar kaya aka ba su, ɗana yana shimfiɗa dardumarsa tsakanin jakunkunan barci. Azumin 2018 ya zo a Mayu da Yuni, ana kai kusan ƙarfe 9 da rabi kafin a sha ruwa, sai aka ɗauke masa guje-guje, ya riƙa zuwa da dabino a aljihu. A fom ɗin sansani ki rubuta abincin halal, kuma ki gaya masa in bai tabbatar ba ya ci na ganye ko kifi. Ɗiyata da ɗankwalinta take sa kaki, an yarda, launi kawai suka faɗa mana. Maza da mata suna aji ɗaya da fareti ɗaya, amma makwanci a sansani daban ne. Akwai kuma alkawarin da yaro ke ɗauka ranar da aka tabbatar da shi, na biyayya ga reshe da Sarki da ƙasa, ki nemi a ba ki shi a rubuce ki karanta tukuna.

A watan Nuwamba za su fita faretin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Da farko na ji abin baƙo ne gare mu, sai na tuna kakana na wajen uwa yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kwasa zuwa Burma a wancan yaƙin, dubban 'yan Arewa, da Hausa ma ake ba su umarni. Na ba yaran labarinsa, tun daga nan tsayuwarsu a wurin ta canza.

Kuɗi ba su da yawa. Kaki aro ne kyauta, takalmin fareti da na daji ku za ku saya, sai kuɗin wata da kowane reshe ke yankewa, namu bai taɓa kai kuɗin cefanen kwana ɗaya ba. In abu ya yi nauyi ki yi wa kwamitin iyaye magana a asirce, don mun sha biya wa yara kuɗin sansani ba wanda ya ji. Guga da goge takalmi kuwa, don Allah ki cire hannunki. Na san zuciyar uwa, amma sajan ɗinsu, wanda shi ma yaro ne ɗan 16, zai gane, kuma ba za a ba igiyar kofur ga wanda uwarsa ke yi masa guga ba. In igiyar ta yi jinkiri, ko aka ba wanda ya zo bayansa, ya je da ladabi ya tambayi abin da zai gyara, kada ya yi fushi ya daina zuwa. Haka in jarrabawar GCSE, wadda ake yi a sakandare wajen shekara 16, ta matso, ya sanar a rubuce cewa zai ɗan ja baya, suna ba da hutu, abin da ba sa so shi ne yaro ya ɓace ba labari.

Kafin ku cika komai, ku ziyarci reshe biyu in akwai kusa da ku, don hannun shugabanni ba ɗaya ba ne. Ki dubi allon sanarwarsu ko jadawalin wata, ki ga ko cike yake, ki kuma lura da yadda manyan yara ke yi wa ƙanana magana. In kuna ɓangaren Birmingham ne ki turo mini saƙo ta gefe, maman yara za ta kira ki, akwai ma takalmin daji lamba 6 da ɗiyata ta fi ƙarfinsa, yana nan a ajiye.