Amsar Gwaggo a kan tashe

Ummi 'yata, saƙonki ya iso, na kuma gode da barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadarmu. Kin ce mijin nawa ya ga tashe a waya ya kafe shi ma sai ya yi, babansa kuma ya ce bara ce, bidi'a ce, ke kin rasa bayan wanda za ki bi. To ba ni aron kunnenki, don maganar tana da ɗan tsawo.

Batun bara dai ki cire shi. Mai bara yunwa ce ta fito da shi, hannu kawai yake miƙawa. Ɗan tashe kuwa ya sha ruwa ya ƙoshi a gidansu, ya zo ya yi miki wasa kin yi dariya, kin sallame shi. A cikin birnin Kano da na tashi, 'ya'yan attajirai da 'ya'yan masu unguwa duk tare muke fita, babu wanda ya taɓa ganin abin kunya ne. Abin da ake ba mu ma nawa yake? Kafin Naira ta zo a 1973, kwabo ne ko ahu, gidan da aka ba da taro an yi bajinta. Yawanci ma gero ne ko dawa ake zuba mana a ƙwarya, mu tara wajen uwar ɗaya daga cikinmu, gab da Sallah a sayar a raba, mu sayi lalle da awarwaro.

Bidi'a kuma, ni ba malama ba ce, amma iya sanina ana faɗin haka ne ga abin da aka ƙirƙira aka ce ibada ne. Ban taɓa jin wanda ya ce tashe lada ake nema da shi ba. Kin san yadda muke kasa watan: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Sallah. A gomar wuya ake fara tashe, lokacin da jiki ya fara laushi, mutane suna bukatar abin da zai sake musu fuska. Kuma sai an idar da asham ake fita. Abin da malamanmu suke hanawa tun da can shi ne yaro ya bar salla don wasa, ko samari da 'yan mata su cakuɗa cikin duhu. Wannan kam gaskiyarsu ce, har gobe.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya sa nake ganin ƙimar wasan, don shi ne abin da waya ba za ta nuna wa yaronki ba.

Ɗauki wasan malam mai rawa. Yaro zai naɗa rawani da tsohon mayafin uwarsa, ya manna gemun auduga da ƙaro, ya rungumi allo, carbi a hannu. 'Yan amshi suna tuhumarsa da cewa ya yi rawa, shi yana rantse-rantse bai yi ba, yana kwatanta irin rawar da aka ce ya yi, har ya taka ta tsaf a gaban kowa. A ina ake yin wannan? A ƙofar gidan liman. Liman yana zaune a kan buzunsa a zaure, ya san da irinsa ake, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, sannan ya laluba aljihu. Haka 'yan mata da wasan Mairama da Daudu: ƙaramar yarinya ta zura babbar rigar ubanta tana ja a ƙasa, hula ta rufe mata ido, wai ita ce miji, ana jero yadda zaman aure yake. Matan gida su fito tsakar gida suna shewa, maigida yana jin komai daga ɗakinsa, kuma wani habaicin ya san inda ya dosa. Jatau mai magani yana tsokanar masu tallar sassaƙe da suke cewa maganinsu yana warkar da cuta ɗari. Tsoho da gemu, da toka a gira da tsumma cushe a baya ya zama doro, yana tuna wa mutane haƙƙin tsofaffi. Uwa uba Nalako, sarkin gwagware, mai bin gidajen waɗanda suka ƙi aure da igiyarsa, wanda wasansa har fadar Sarkin Kano yake kaiwa.

Kin lura da abin da ya haɗa su? Wanda ake yi wa shaƙiyancin shi ne mai biya. Don haka dole yaro ya auna maganarsa: ta yi zafin da za a gane, kada ta yi zafin da za a kore shi da tsintsiya, gobe kuma a kai ƙararsa wajen babansa. Yaro ɗan shekara goma yana koyon yadda ake faɗa wa babba gaskiya ba tare da an ci fuskarsa ba. Ni ban san wata makaranta da ke koyar da wannan ba.

Masu wasan kwaikwayon da muka kalla a talabijin sun san wannan awon. Samanja ya yi shekaru yana kwaikwayon halin soja da gurɓatacciyar Hausar bariki, sojoji na cikin masu kallonsa, har a zamanin mulkinsu. Marigayi Ibro, da ya rasu a 2014, idan ya shiga rigar ɗan sanda ko ta boka, ai Jatau ne ya girma ya samu kyamara. Na yau da nake gani a TikTok a wayar jikokina, ba zan ce duka ba su da fasaha ba, wasu har hawaye nake yi don dariya. Sai dai mai biyansu daban, wanda suke zagi daban. Yawan masu kallo ne ke kawo musu kuɗi da talla, wanda aka muzanta kuma ba za su haɗu da shi a masallaci da asuba ba. Shi ya sa kullum sai an ƙara gishiri, yau a zagi wata ƙabila, gobe a yi wa mai lalura dariya. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, ga Hisbah, suna ta kama wannan suna gargaɗin wancan. A da unguwa ce take yin wannan aikin, ba ofis ba albashi.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoron maigidanki yana da tushe, ko da sunan da ya ba abin bai dace ba. A 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da tashe, saboda 'yan daba suna fakewa da shi su yi ƙwacen waya su sari mutane. Nan unguwarmu ma ba na barin yara su wuce layinmu.

Ku da kuke Abuja cikin gidaje masu katanga da maigadi, naku ya fi sauƙi. Ki samu babansa bayan ya sha ruwa ya huta, ki karanta masa wannan, ki ce in ji Gwaggo. In ya amince, ki yi magana da maƙwabtanki uku ko huɗu da kuka saba, yaran su haɗu bayan asham, babba ɗaya ya bi su a baya, gidajen da aka sani kawai za a shiga. Ki bar shi ya haɗa kayansa da kansa, kada ki saya masa gemun roba a kanti. Kuma kada a ɗauke su a waya a watsa, don da zarar yaro ya san duniya yake yi wa wasa, ya daina kallon fuskar wanda ke gabansa. In kuwa babansa ya ce a'a, kada ki yi a bayan idonsa. Ɗansa ne, wasa bai kai a ɓata zaman gida a kansa ba.

Ki gaida surukin nawa da kyau. Mijina kuma ki ce masa kuɗin tashen farko na amarya ne, ina jiran rabona.