Kafin Ka Buga Sunan Kowa a Jadawali

Ka ce in nuna maka yadda za ka haɗa zama na musamman kan lissafin yaɗuwar cututtuka a taron lissafin kwamfuta da za a yi nan Kano, wai har ka tara sunaye takwas. To ɗana, a cikin takwas ɗin nan mutum nawa ne suka turo taƙaitaccen bayanin maƙalarsu? Nawa suka biya kuɗin rajista? "In sha Allahu zan zo" da aka rubuto maka a WhatsApp ba ya cika kujera.

Tsarin da ƙungiyar masana lissafi ta SIAM da ke Amurka ta saba da shi ya ishe ka: awa biyu, masu gabatarwa huɗu, kowa minti 25 da minti 5 na tambayoyi. In takwas ɗin sun tabbata, raba su kashi biyu. Mai gabatarwa na farko ya shimfiɗa fagen gaba ɗaya, sauran su shiga lungu-lungu. Kada ka cika zaman da 'yan sashenku, wannan taron sashe ne kawai aka sake wa suna. Rubuta wa kwamiti takardar neman zama kuwa, wanda bai iya wannan ba me ya kawo shi jami'a?

Abin da ya sa na zauna amsa maka shi ne maganar kuɗin tafiya da na ji kana yi. An taɓa gayyato wani babban malami daga wata jami'a ya buɗe mana irin wannan zama. Ya ce ba zai motsa ba sai an tura masa kuɗin jirgi da na masauki tukuna. Kwamiti ya ga girmansa, aka tura. Aka buga sunansa da manyan baƙaƙe, dalibai suka taso daga Zariya da Katsina saboda shi. Daren jajibiri sai ga saƙo, wai hazo ya hana jirgi tashi. Watan Janairu ne, hazo kan rufe Kano har jirage su kasa sauka, sai kowa ya yarda. Amma washegari baƙin da aka ɗauko daga filin jirgin Malam Aminu Kano suka ce lafiya lau suka sauka. Daga baya aka ga hotonsa a wani taron, a makon da aka yi namu, da maƙalar nan, ko take bai canja ba. Da aka zo rufe lissafin kuɗi, ofishin kuɗi ya ce a kawo rasit da takardar shiga jirgi. Babu. Daga albashin wanda ya sa hannu aka cire, kuma ka san ko wane ne. Har yau babban malamin nan in mun haɗu sai ya miƙo hannu yana murmushi, ko kunya babu.

Saboda haka mutum ya sayi tikitinsa, ya zo, ya gabatar, ya kawo rasit, sannan a mayar masa. Ko farfesan farfesoshi ne.

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗi ba. Shugaban zaman, wani matashi irinku masu gaggawa, da ya ga gurbi sai ya jawo mai magana na biyu gaba da rabin awa. Waɗanda suka taso daga ɗakin da ke kusa don su ji shi suka tarar ya gama. In ana zama da yawa lokaci guda, ba a taɓa jadawali. Wani bai zo ba, a buɗe tattaunawa har lokacin na gaba ya yi, ko ka tanadi ɗalibin digiri na uku da maƙalarsa a shirye.

Karɓi fayil ɗin kowa a PDF tun daren jajibiri, ka zuba a kwamfuta ɗaya, ka gwada da majigin ɗakin, don wani majigin tsohuwar wayar haɗi ta VGA kaɗai yake karɓa. Mai son kunna manhajar lissafi ta MATLAB a gaban jama'a ya ɗauko hoton sakamakonsa; in wuta ta ɗauke, kafin a tada janareto majigi ya dawo, minti biyar sun tafi. Kada zama ya hau kan Azahar, ranar Juma'a kuma ka tashi mutane kafin sha biyu da rabi. Shugaban zama ya riƙe kati biyu, na minti biyar da na minti ɗaya, kuma ya zama wanda zai iya katse babba.

Je ka kira mutanen nan takwas a waya, da baki, ba saƙo ba. Ranar Litinin ka kawo mini sunayen waɗanda suka biya.