Magena ba ta yarda a ɗauke ta, an ce in ba ta Panadol

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na tsinci 'yar mage a bakin kasuwa, wata huɗu ke nan tana hannuna. Tana ci tana wasa, amma da na ɗauke ta sai huci da yakushi. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ciwon jiki ne, in jiƙa mata rabin Panadol. In ba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, don girman Allah kada ki ba ta, ko ɗan ɓalli. Wannan magana ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Farasitamol, wato Panadol, guba ce ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar mage, balle taki. Na sha karɓar magen da aka ba shi a nannaɗe cikin zani, fuska da tafukan ƙafa sun kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi sama-sama, mai ita tana kuka tana cewa tausayi ne ya sa. Maganin da ke karya gubar, asetilsistin, sai an yi saurin kawo ta yake aiki. Mai kemis bai karanci jikin dabba ba, me ya kai shi rubuta mata magani?

Magenki tsoro take ji. Sabo da hannun mutum yakan kama ne tsakanin sati 2 zuwa 7 da haihuwa, ita kuwa a kasuwa ta yi su, inda jifa da kora kawai ta sani.

Ki daina bin ta. Ki zauna a tabarma da ɗan busasshen kifi, ki miƙa yatsa ta shinshina. In ta goga miki kumatu, ki sosa mata ƙarƙashin haɓa da gindin kunne, ban da ciki. Bayan kwanaki, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙafafun baya, ki ɗaga ta, ki ƙirga uku, ki sauke tun ba ta fara mutsu-mutsu ba. Kada a ɗaga ta da fatar wuya, ki hana yara ma. Da ta kwantar da kunnuwa ko ta fara kaɗa wutsiya, ki sake ta.

Yakushin kuma ki wanke da sabulu da ruwa na minti 15, ki je asibiti a duba, ita kuma ki kawo ta a yi mata rigakafin ciwon haukan kare.