Ina zan samo alƙaluman ƙaramar hukumarmu a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a Kumo. Muna son rubuta rahoto kan ƙaramar hukumar Akko, mu nuna yawan jama'a da asibitoci da makarantu, domin mu nemi a ƙara mana asibiti. An ce duk ana samunsu a intanet. Ta ina zan fara, kuma wanne zan yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Gaskiya aka faɗa maka, ana samu, har a wayarka ma. Sai dai duk adadin da ka gani, ka fara tambayarsa abu biyu: yaushe aka tattara shi, kuma na ina ne, jiha ko ƙaramar hukuma?

Fara da shafin GRID3, wani shiri da ke tattara bayanan taswira na Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. Yana da taswirar iyakokin gundumomi da wuraren da asibitoci da makarantu suke. Ka tace bayanan, ka zaɓi jihar Gombe, sannan Akko, ka sauke jadawalin ka buɗe shi da Excel. Nan take za ka ga kowane asibiti da sunansa da gundumarsa. Wannan ɓangaren ba shi da wuya.

Wuyar tana wajen yawan jama'a. Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar Gombe mutum 2,365,040. An shirya wata a 2023, aka ɗage ta. Saboda haka duk adadin mutanen Akko na yau da ka gani, ƙiyasi ne. Yawanci ana ɗaukar adadin 2006 ne a riƙa ƙara masa kusan kashi 3.2 cikin ɗari kowace shekara, abin da ke nufin jama'a na ninkawa duk bayan shekara 22 ko kusa da haka. Lissafin yana ɗauka cewa ko'ina girma ɗaya yake yi, alhali kai ma ka san ba haka ba ne. Je ka Tumfure ka gani: gonakin jiya sun zama unguwanni, garin Gombe ya tumbatsa ya malalo cikin ƙasar Akko, ga kuma 'yan'uwanmu na Borno da Yobe da rikici ya koro suka zauna. Ƙidayar 2006 ba ta san da su ba. Shi ya sa nake son ka duba ƙiyasin WorldPop na jami'ar Southampton da ke Ingila, wanda shi ma GRID3 ke amfani da irinsa. Suna haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da binciken gida-gida, su raba ƙasa murabba'i-murabba'i na mita 100, su ƙiyasta mutanen da ke cikin kowanne. Ka kawo adadin biyu gefe da gefe a rahotonka, ka rubuta tushen kowanne da shekararsa. Idan sun saɓa, ka faɗa. Wanda ya san aikin zai ƙara yarda da kai.

Ga inda mutane suka fi faɗawa rami. Binciken lafiya na gida-gida guda biyu, NDHS da kuma MICS (wannan na biyun Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta gudanar da shi tare da UNICEF a 2021), an tsara su ne su yi magana kan jiha. Gidajen da aka tambaya a ƙaramar hukuma ɗaya ba su kai a yanke hukunci da su ba. Na taɓa karanta wani rahoto da aka ɗauki adadin mace-macen yara na jiha ɗungum aka liƙa wa gari ɗaya. Jami'in da aka kai wa ya gano a shafi na biyu, ya rufe takardar, ga shi kuwa buƙatar mutanen ta gaskiya ce. Abin ya daɗe yana damuna. Kai idan ka ɗauko adadi daga cikinsu, ka rubuta ƙarara cewa na jihar Gombe ne baki ɗaya. Idan kana son abin da ya fi kusa da gida, binciken talauci na 2022 da Hukumar Ƙididdigar ta fitar ya sauko har matakin mazaɓar sanata, kuma Akko tana Gombe ta Tsakiya tare da Yamaltu/Deba.

Kafin ka buga rahoton, ka fitar da jerin asibitocin a takarda, ka kai wa jami'in lafiya a matakin farko na ƙaramar hukumarku, ku bi shi layi-layi. Ɗigo a taswira ba ya gaya maka ko akwai ungozoma a ciki, ko rufin ya yaye tun damina biyu da suka wuce. Wanda kuka yi shakka a kansa, ku tura matasa biyu a babur su ɗauko hoto, su rubuta ranar da suka je da adadin ma'aikatan da suka tarar.